Tashar Motar Wudil: Daga Bilhodi Mai Bodin Katako Zuwa Ƙungiyar Direbobi

Motar da ta baro Kano ta nufi gabas, ko Dutse za ta, ko Azare da Potiskum da Maiduguri, ko kuwa ta bi ta Birnin Kudu zuwa Bauchi da Gombe, sai ta taka gadar Wudil. Tafiyar kilomita 40 ce ko da 'yar ɗoriya daga birni. Ga kogi, ga mararraba, ga kasuwar Juma'a wadda karar shanunta ta yi suna har kudancin ƙasar nan. Garin da Allah ya haɗa wa waɗannan ba zai rasa tasha ba. Sai dai ita tashar mota ba a aza mata harsashi a yanka ƙyalle. A hankali ta taru, kuma yaƙi biyu suna da hannu a taruwarta.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Layin dogo ya kai Nguru a 1930, amma bai shiga Maiduguri ba sai 1964. Duk tsawon waɗannan shekaru, kayan da za su yi gabas ta wannan hanya na jaki ne da raƙumi da takarkari, daga baya mota ta karɓa. Motocin farko kuwa tsiraru ne: na Turawan mulki, na Sarki da En'e, na kamfanoni irin su UAC da John Holt, sai na Kwarori masu sayen gyaɗa. Talaka yana jin ƙugin mota daga nesa zai ja jakinsa ya kauce.

Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawa ke kira Yaƙin Hitila, shi ya sauya lissafin. Daga 1940 Ingila ta riƙa haɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, su tashi su yada zango a Kano, su wuce Maiduguri da Sudan har Masar. A wannan shekara ce kuma Cadi ta bi bayan Janar de Gaulle, sai hanyar gabas ta zama hanyar kayan soja. Titunan Kano da suka saba da jakuna da kekuna suka cika da manyan motocin soja. Farar hula kuwa sun ji jiki: fetur sai da izini, taya ta yi wuya, kayan gyara ba sa zuwa. Wanda yake da tsohuwar mota dole ya koyi lallaɓa ta, a yi wa taya faci a kan faci, maƙeri ya ƙera abin da ya karye. Da aka gama yaƙi a 1945, sojojin da suka je ƙasar Bama suka dawo, cikinsu da waɗanda suka koyi tuƙi da kanikanci, aka kuma yi gwanjon motocin soja. A ganina nan ne sana'ar mota ta fara zama ta 'yan ƙasa da gaske.

Motar wancan zamani ita ce Bilhodi mai bodin katako. Kafinta ne ke gina mata jiki, a jera benci a baya, mai fenti ya rubuta mata addu'a ko kirari a goshi. Da asuba yaron mota zai zura handil a hancinta ya yi ta juyawa har injin ya kama, in ta yi gardama a tara majiya ƙarfi a tura. Buhunan gyaɗa a ƙasa, mutane a kan buhuna, kaji da akuya a tsakani. In an zo hawa ta kasa, direba ya ƙwala kira, "Kai yaro, waigi!" Yaron zai diro da guntun katako ya cusa a bayan taya kafin ta koma da baya. Shekara da shekaru yaro yana wanke mota, yana kwana a ƙarƙashinta, kafin maigidansa ya yarda ya ba shi sitiyari. Makarantar tuƙin ke nan, kuma ta fitar da direbobin da suka san kowane rami daga Wudil zuwa Damaturu.

Irin waɗannan motoci ne suka riƙa ɗaukar alhazai. A 1948 wasu attajiran Kano, Alhaji Muhammadu Nagoda da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar maniyyata a mota, a bi ta Maiduguri da Cadi zuwa Sudan. Tafiyar da a da ake shekaru ana yi da ƙafa ta ragu ƙwarai.

To, inda motoci suka yi yawa rigimar fasinja ba ta ƙarewa. Maganin da mutanen tasha suka samo shi ne layi: wanda ya riga zuwa shi zai fara lodi, sai ya cika ya tashi na bayansa ya matso. Aka sami sarkin tasha mai raba gardama, da 'yan kamasho masu kiran fasinja su karɓi kuɗi su cire la'adarsu. Ana yawan zagin ɗan kamasho da baƙar magana, wani lokaci da gaskiya. Amma shi ne mutumin da tsohuwa za ta danƙa wa jikanta ta ce a sauke shi a Gaya, shi ne ke ajiye ƙunshin da aka manta har mai shi ya dawo. Kafin waya da banki su wadata, wasiƙa da kuɗin cefane ta hannun direba suke zuwa ƙauye. Wannan amana ita ce jarin tasha, ta kuma girmi duk wata takardar rajista.

Tasi a birni ta fara, tsakanin tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari da Fagge da filin jirgin sama, da ƙananan motoci irin su Morris Minor da Peugeot 403 da 404. Da rikicin 1966 ya ɓarke, yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970, ɗimbin direbobi da kanikawa da masu sayar da kayan gyara 'yan ƙabilar Ibo suka bar Kano. Abin baƙin ciki ne da bai kamata a manta ba. Giɓin da suka bari yaran mota da almajiran gareji ne suka cike shi, da yawa suka zama iyayen gidan kansu. Layin dogo na Fatakwal ya yanke, kaya suka ƙara komawa kan titi.

Bayan yaƙi abubuwa suka zo a jere. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, ga kuɗin fetur, ga ƙarin albashin Udoji. Fijo 504 doguwa ta zama sarauniyar hanyar Wudil: biyu a gaba, huɗu a tsakiya, uku a baya, allo a kan rufi ɗauke da sunan garin da za ta. A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta sake fasalin ƙungiyoyin ƙwadago, aka kafa ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW. Tsarin da tasha ta daɗe tana bi sai ya sami ofis da ciyaman da sakatare da rasit, kowane layi da shugabanninsa, reshe yana ƙarƙashin majalisar jiha. An sami tsari, an kuma sami abin da ya zo da shi, domin 'yan siyasa sun gane cewa wanda ya riƙe tasha ya riƙe jama'a da kuɗin shiga na kullum.

Kafa jihar Jigawa a 1991 ya ƙara wa hanyar Dutse ma'aikata masu zirga-zirga. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a Wudil a 2001, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, da makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda, sun kawo ɗalibai daga ko'ina. Fijo ta tsufa, Hayis da Golf da Sharon na hannu suka maye gurbinta. A cikin birni kuwa tasi mai fentin ruwan ɗorawa ta ja baya, acaɓa ta fara cinye mata kasuwa, sannan A Daidaita Sahu da ta shigo a 2005 ta mamaye tituna bayan hana acaɓa a 2013.

Abin da ya fi damun mutanen tasha yau shi ne lodin bakin titi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, fasinja ya gwammace ya tsaya a gefen hanya ya tare mai rahusa, ko da ba wanda ya san direban, ba inda aka rubuta sunansa. Direban da ya bi layi kuwa yana iya wuni bai cika ba. Ranar Juma'a ce kawai ba ya wannan kuka, domin tun hantsi motocin Garko da Sumaila da Gaya da Takai suke sauke 'yan kasuwa, tireloli kuma suna jere a bakin kara suna jiran lodin shanun da za su Legas.