Ƙofofin lantarki a Funtua da Malumfashi: Yadda suke aiki, abin da ke kashe su, da lokacin sauya su

Duk wanda ya taɓa shiga banki a Funtua ko Malumfashi ya san ƙofar nan mai kama da keji: a danna maɓalli ta buɗe, ta rufe mutum a ciki, ta biyun kuma ba ta buɗewa sai na'ura ta tabbatar babu ƙarfe a jikinsa. Ita ce aka fi sani cikin ƙofofin da lantarki ke tantance mai shigarsu. Danginta su ne ƙofofin otal masu kati, da na ofis masu lambar sirri ko zanen yatsa.

Kudancin Katsina yanki ne na ajiya. Auduga da masara da waken soya na kwana a rumbunansa, taki da iri na biyowa ta ɗakunan ajiyarsa, kuma tun watan Mayun 2024 aka ƙaddamar da tashar sauke kaya ta kan tudu a Funtua. Sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 ya ƙara sa jama'a tambayar wa ke shiga gine-ginensu.

Sai dai ƙofar lantarki ba ta tare ɗan bindiga. Amfaninta biyu ne: hana wanda ba shi da izini, da rubuta wanda ya shiga da lokacin shigarsa. Duka biyun kuma kulawa ce ke riƙe da su, ba tsadar na'ura ba.

Yadda take aiki

Sassanta huɗu ne. Akwai abin shaida, wato kati ko lamba ko yatsa ko fuska. Akwai na'urar da ke karanta shi a bakin ƙofa. Akwai akwatin sarrafawa, mai jerin sunayen waɗanda aka yarje wa, wanda ke yanke hukunci. Sai makullin kansa, tare da batirin da ke riƙe shi idan an ɗauke wuta.

Makullan iri biyu ne. Mai maganaɗisu yana buƙatar wuta kafin ya riƙe ƙofa, saboda haka da wuta ta yanke sai ya saki. Ɗaya nau'in kuma yana zama a kulle idan babu wuta. Na farko ya dace da hanyar fitar jama'a, na biyu da ɗakin kuɗi ko na magani. Kowanne aka zaɓa, dole na ciki ya iya fita ba tare da kati ba. A 1911 mutum 146 suka mutu a gobarar masana'antar ɗinki ta Triangle a birnin New York na Amurka, inda aka kulle wasu ƙofofin fita.

Abin da ke kashe ta a wannan yanki

Na farko wuta. Sauyawa tsakanin wutar KEDCO da janareta da sola na jijjiga akwatin sarrafawa, tsawar damina kuma na iya ƙona shi. Batirin da aka fi sakawa mai ƙarfin volt 12 ne, wanda kan yi shekara uku zuwa biyar a wuri mai sanyi. Zafin bazara, da kan haura digiri 35, na rage masa kwana sosai. Idan ya mutu babu wanda ya sani, ɗauke wuta ɗaya ya isa ya bar rumbu a buɗe.

Na biyu ƙurar hunturu, wadda ke rufe gilashin na'urar yatsa, ta kuma taru a fuskar maganaɗisu har ya rage riƙo.

Na uku yatsun kansu. Fartanya da ɗaukar buhu na shafe zanen yatsa, sanyin hunturu kuma na busar da fata. Masu zaɓe sun ga irin haka a 2015, lokacin da na'urar tantance katin zaɓe ta gaza tantance mutane da dama, har da Shugaba Goodluck Jonathan a rumfarsa ta Otuoke. Na'urar BVAS da ta gaje ta tana duba fuska idan yatsa ya ƙi. Rumbun da leburori ke shiga yana buƙatar irin wannan hanya ta biyu.

Na huɗu intanet. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, ciki har da Funtua da Malumfashi, saboda matsalar tsaro. Tsarin da ba ya iya yanke hukunci sai ya tuntuɓi wata kwamfuta a nesa bai dace da yankin da ya taɓa ganin haka ba.

Kulawar da ake buƙata

Kowane wata a goge na'urori, a duba ko ƙofa na rufewa da kanta, a gwada maɓallin fita. Kowane wata uku a kashe wuta da gangan a ga awa nawa batir zai riƙe, a kuma kwafi bayanan shiga da fita zuwa wani wuri daban. A daidaita agogon na'ura, domin rajistar da lokacinta ya karkace ba ta da amfani ga mai bincike.

Aikin da ya fi muhimmanci ba ya cin ko sisi: tsabtace jerin sunaye. Ma'aikacin da aka sauya wa wurin aiki, ko ya yi ritaya, ko aka sallama, a soke katinsa ranar da ya tafi. A sauya lambar sirrin da na'ura ta zo da ita daga kamfani. Kada mutum biyu su yi tarayya a kati ɗaya, don ranar da buhu ya ɓace ba za a san wa za a tambaya ba.

Yaushe ya kamata a sauya?

Tsufa kaɗai ba dalili ba ne. Rauni ne dalili. Tsofaffin katuna masu zangon 125 kHz ba sa ɓoye lambarsu, ana kwafarsu cikin daƙiƙoƙi da ƙaramar na'ura mai arha. Katin MIFARE Classic kuma tun 2008 masu bincike a Jami'ar Radboud ta ƙasar Holan suka nuna yadda ake karya sirrinsa. A Maris 2024 wasu masana suka bayyana rauni a makullan otal na Saflok, wanda ya shafi ƙofofi kimanin miliyan uku a duniya.

Haka tsohuwar hanyar Wiegand, da ke haɗa na'urar karatu da akwatin sarrafawa, ba ta ɓoye saƙo. Wadda ke maye gurbinta, OSDP, ta zama ma'aunin ƙasa da ƙasa a 2020. Ba lallai a tumɓuke komai rana ɗaya ba: ana iya farawa da katuna da na'urorin ƙofofin da suka fi haɗari.

Abin da doka ta ce

Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta sanya zanen yatsa da bayanan fuska da ake tantance mutum da su cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman. Ma'aikatar da ta karɓe su wajibi ne ta bayyana dalili, ta tsare su, kuma kada ta riƙe su fiye da buƙata. Katin da aka sace ana sauya shi. Yatsa kuwa ba shi da madadi.

Idan da kuɗin jama'a aka saka ƙofar, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta bai wa ɗan ƙasa damar tambaya a rubuce, ta kuma ware kwana bakwai don ba shi amsa. Tambayoyin ba su da wuya: nawa aka ware don gyara bayan sayen? Wa ke riƙe da babbar lambar sirri, hukumar ko ɗan kwangila? Yaushe aka sauya batir? Wa ke karanta rajistar, kuma wa ke iya goge ta?

Inda babu amsa, da wuya a daɗe ba a tarar da ƙofar an tokare ta da bulo ba, maigadi kuma ya koma ga kwaɗo da littafinsa.