Tarihin Matakan Jarrabawa a Fasahar Rubutun Jafanawa

Jafanawa suna kiran fasahar rubutu da burushi da tawada shodo, watau hanyar rubutu. Duk wanda ya shiga koyonta a yau zai tarar da tsani a gabansa. Yakan fara daga matakan kyu, waɗanda ake ƙirgawa daga goma a sauko zuwa ɗaya, sa'an nan ya shiga matakan dan, waɗanda ake ƙirgawa daga ɗaya zuwa sama. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tsanin nan baƙo ne a fagen rubutu, kuma darajar kowane mataki tana tsayawa ne a ƙofar gidan da ya bayar da shi.

A zamanin Edo (1603 zuwa 1868) yaran talakawa suna koyon rubutu a ƙananan makarantu da ake kira terakoya. Malami ya rubuta misali, yaro ya yi ta kwaikwayo har hannunsa ya faɗa. Akan ware wasu ranaku yara su yi rubutu a gaban jama'a, a rataye don iyaye su gani. Idon malami shi ne ma'auni.

Asalin matakan dan kuwa yana wajen 'yan wasan go, wani irin dara, inda gwani Hon'inbo Dosaku (1645 zuwa 1702) ya tsara su don a san ƙarfin kowane ɗan wasa. A 1883 Kano Jigoro, wanda ya kafa kokawar judo, ya ari tsarin ya ba ɗalibansa biyu dan na farko. Daga baya sauran fannoni suka bi sahu, har abin ya iso ga masu rubutu.

Abin da ya yaɗa shi ko'ina shi ne mujallun wata-wata na ƙungiyoyin rubutu. Mujalla takan buga misali, ɗalibi ya kwaikwaya, malaminsa ya gyara da jar tawada, a aika da mafi kyawun takarda, alƙalai su duba, sa'an nan a buga sunaye bisa matakansu. Bayan yaƙin duniya na biyu an janye burushi daga darussan dole na firamare a 1947, bai koma wajibi ba sai 1971, daga aji uku. A tsakanin nan ne Harada Kampo ya kafa ƙungiyar Nihon Shuji a 1953, wadda matakanta suke tafiya daga kyu na goma har dan na takwas.

To, amma akwai wani hanzari. A wasan go allo ne ke raba gardama, domin wanda aka cinye an cinye shi. A rubutu kuwa hukunci yana hannun alƙalai, kuma kowace ƙungiya tana da nata salon da nata ma'aunin. Saboda haka mai dan na biyar a wannan gida yana iya komawa wancan a sake auna shi tun daga ƙasa. Kowa a gidansa sarki ne, in ji Hausawa. Akwai dai wata jarrabawa ta ƙasa baki ɗaya da ma'aikatar ilmi ke mara wa baya, wadda ke gwada hannu da kuma sanin tarihin rubutu. Manyan gwanaye kuma sukan nemi suna ne a bikin nune-nune irin na Nitten, wanda ya buɗe sashen rubutu a 1948.

Duk da haka, kada mai karatu ya raina tsanin. Amfaninsa shi ne yana riƙe ɗalibi shekara da shekaru, ya kai shi daga miƙaƙƙen rubutun kaisho zuwa gyosho mai ɗan gudu, zuwa sosho mai sarƙaƙiya, yana kwaikwayon magabata irin su Wang Xizhi na ƙasar Sin. Amma idan wani ya nuna mana takardar shaidarsa, ya kamata mu tambayi wanda ya ba shi, sa'an nan mu miƙa masa burushi.