Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Nazarin Gauraya Tsami da Ƙarfi Daga Mubi Zuwa Beljiyam

Gabatarwa

Akwai abubuwan sha huɗu masu tsami da ba a rasa su a Mubi da ƙauyukan gindin duwatsun Mandara: kindirmon da matan Fulani ke shigowa da shi a ƙwarya, kokon safe, kunun zaƙi, sai kuma burkutu. Uku na farko kowa na sha, babba da yaro. Na huɗun Musulunci ya haramta shi, coci-coci da dama na yankin ma suna hana mabiyansu. Duk da wannan rata, tsamin da ke cikin huɗun asalinsa ɗaya ne.

A Beljiyam kuwa, akwai masu sana'ar giya da ke ɗauko mai ruwan zinariya, mai ƙarfin bugu, su gauraya ta da wata mai tsami da ta shekara a gangar katako, su sayar da tsada. Kamfanin Dilewyns na garin Dendermonde yana yin irin wannan da sunan Vicaris Tripel-Gueuze. Wannan nazari zai bi diddigin dabarar gaurayar a wuraren biyu. Abin da yake son tabbatarwa shi ne, haɗa sabo da tsoho hanya ce ta riƙe linzamin lokaci a kan abin da ke canzawa kowace sa'a. Wanda ya fahimci haka zai gane inda kunu ke ƙarewa, giya ta fara.

Ma'aikata uku da ido ba ya gani

Duk ruwan da ke ɗauke da sukari, in aka ajiye shi, ƙananan halittu iri uku ne ke rububinsa. Na farko bakteriya ce mai mayar da sukari tsamin nono, wanda yake da taushi a harshe kuma ba ya sa maye. Ita ke daskarar da kindirmo, ita ke tsamar da gasara. Louis Pasteur na Faransa ya bayyana aikinta a 1857. Na biyu yisti ne, mai mayar da sukari barasa da iskar da ke ta da kumfa. Shi kaɗai ne tushen maye. Na uku wata bakteriya ce da ba ta aiki sai ta sami iska, tana cin barasar da yisti ya samar ta mayar da ita khal, mai tsamin da ke sukar hanci tun kafin ya kai baki.

Bi da bi suke zuwa. Bakteriyar nono na son ɗumi, ita ke riga kowa. Yisti na jure tsamin da ta bari, sai ya biyo baya. Mai khal ce ke rufe ƙofa. A garin da zafin Maris da Afrilu kan kusanci digiri 40, wannan jerin gwano gudu yake yi: abin da zai ɗauki makonni a ɗakin ƙasa mai sanyi a Turai, a Mubi kwana biyu zuwa uku ya ishe shi.

Ana auna tsami da ma'aunin pH, wanda Sørensen ya ƙirƙiro a 1909 a ɗakin binciken kamfanin giya na Carlsberg da ke Denmak. Tsabtataccen ruwa yana kan 7, madarar shanu kusan 6.6, giyar kwalba tsakanin 4 da 4.5, giya mai tsami ta Beljiyam kuma kusan 3.2 zuwa 3.5. Duk mataki ɗaya da aka sauka, tsami ya ninka sau 10 ke nan. Ƙasa da 4.5, yawancin ƙwayoyin cutar da ke ɓata ciki ba sa iya yaɗuwa. Shi ya sa tsami ya zama firijin talaka tun kafin a san lantarki.

Yadda tukunyar burkutu ke tafiya

Ƙabilun Gude, Fali, Njanyi, Marghi, Kilba da Kamwe manoman dawa ne tun fil azal, kuma giyar dawa ta daɗe da shiga gayya, biki, makoki da al'adun gargajiya a tsakaninsu. Iyakar Najeriya da Kamaru da ta tabbata bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, wadda ta bar Mubi a Najeriya, ba ta raba sana'ar ba. Abin da ake kira burkutu a nan shi ake kira bil-bil a Marwa da Mokolo na Kamaru. Walter van Beek, masanin al'adu ɗan ƙasar Holan da ya zauna da Kapsiki, 'yan uwan Kamwe na Michika, ya rubuta cewa giya iri biyu suke yi: ja, wadda maza ke dafawa domin al'ada, da fara, wadda mata ke yi cikin sauri domin kasuwa.

Aikin kan ci kusan mako guda. A jiƙa dawa, a tsane, a shanya ta a inuwa a lulluɓe ana yayyafa ruwa har ta tsira, sannan a busar a rana a niƙa. Tsirowar ce ke farkar da sinadaran da ke mayar da sitaci sukari. Masu lura sukan murje saiwa da tohon kafin niƙa, domin ɗanyen tohon dawa na ɗauke da guba, irin wadda makiyaya suka sani a gyauro.

A nan ne dawa ke nuna taurin kanta. Sitacinta ba ya narkewa sai zafi ya kai kusan digiri 70 ko fiye, kuma a wannan zafi sinadaran da ake buƙata sun fara mutuwa. Sha'irin Turai ba shi da wannan matsala, domin sitacinsa na narkewa tun wajen digiri 60. Hanyar da matan yankin suka bi abin jinjina ce. Sai su dama garin tsiron da ruwa, su bar shi ya kwanta, su kwashe ruwan sama su ajiye gefe, su tafasa ƙullun ƙasa har ya nuna, sannan su mayar masa da ruwan saman da wuta ba ta taɓa ba. Ɗanye ya kawo sinadari, dafaffe ya kawo narkakken sitaci. Gauraya ta farko ke nan. Lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan kamfanonin giya na Najeriya sun koma ga dawa, suka yi karo da wannan matsala da aka daɗe da warware ta a bakin murhu.

Daga nan a bar haɗin ya kwana ya yi tsami. Da safe mai dafawa ta ɗanɗana da ludayi. In ya kai yadda take so, sai ta tace ta sake tafasawa na sa'o'i. Wannan tafasa ta biyu tana kashe bakteriyar nono, ta tsayar da tsamin a inda yake. Bayan ya huce, a zuba masa guntun tsohon dahuwa ko busasshiyar kumfarsa, kamar yadda mai nono ke ɗiga na jiya a cikin madarar yau. Gauraya ta biyu ke nan. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu ya tashi, barasarsa kan kai kashi 3 zuwa 6 cikin 100. Ana shan sa yana kan tsima, domin bayan 'yan kwanaki mai khal za ta karɓi ragama.

Hanyar Beljiyam

Turai ma da haka ta fara. Kafin 1883, lokacin da Emil Christian Hansen ya ware tsantsar yisti guda a Carlsberg, da wuya a sami giyar da ta daɗe a ajiye ba ta ɗauki tsami ba. Bayan wannan bincike, da kuma samuwar na'urar sanyaya, kamfanoni suka ɗauki tsami a matsayin aibi suka kore shi. Wasu sassan Beljiyam ne suka ƙi sakin tsohuwar hanya.

A kwarin kogin Senne kusa da Brussels, ana barin ruwan tsiro a buɗe cikin dare a lokacin sanyi, halittun iska su faɗa masa, a zuba a ganguna. Sunanta lambic. In aka gauraya 'yar shekara ɗaya da 'yar shekara biyu da uku, aka rufe a kwalba, sai ta zama gueuze: ƙaramar tana da sauran sukari da zai ta da kumfa, tsohuwar ta kawo zurfin tsami da ƙamshi. A garin Roeselare, kamfanin Rodenbach da aka kafa a 1821 yana ajiye jar giya kusan shekara 2 a manyan gangunan katako, sannan ya haɗa kashi ɗaya cikin huɗu na tsohuwa da kashi uku na sabuwa, ko kuma, a samfurin Grand Cru, kashi biyu cikin uku na tsohuwa.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne giya mai ruwan zinariya. Fitacciyar cikinsu Duvel ce ta iyalan Moortgat a Breendonk, wadda ta ɗauki launinta na yanzu a wajajen 1970, mai barasa kashi 8.5 cikin 100. Ana ƙara mata sukari lokacin dafawa domin yisti ya cinye tas, ta yi ƙarfi ba tare da kauri ba. Ɗacinta daga furen hop yake, wanda kuma ke hana bakteriyar nono sakewa. Ke nan aikin da tsami ke yi wa burkutu, na kariya daga lalacewa, hop da yawan barasa ne ke yi mata. A 2016 hukumar UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin jerin kayan gadon ɗan Adam.

Abin da harshe ke ji

Lissafin ƙarfi mai sauƙi ne. Rabin mai kashi 8.5 da rabin mai kashi 6 zai ba da 7.25. Ɗanɗano kuwa ba ya bin lissafin ɗan firamare. Bahaushe yana da kalmomin da suka isa fayyace shi: zaƙi, tsami, ɗaci, bauri, garɗi, lami.

Zaƙi yana danne tsami, shi ya sa ake sa sukari a fura da nono. Barasa mai yawa tana ba harshe wani ɗumi da ɗan zaƙi-zaƙi, don haka tana tausasa kaifin tsohuwar giya. Shi kuma tsamin yana yanke nauyin barasar, kamar yadda tsamiya ke yanke maiƙo. Nan ne haɗarin irin wannan haɗi yake: tsamin yana ɓoye ƙarfin, mai sha ya zaci abin bai kai ya kawo ba. Ɗaci da tsami kuma ba sa ga maciji da juna, in duka suka yi yawa sai su ƙara wa juna muni. Dalili ke nan da masu lambic ke amfani da tsohon hop da ɗacinsa ya sace. A burkutu, baurin da ke cikin ɓawon jar dawa ne ke tsayawa a gurbin ɗacin hop, kaurin sitacin da bai narke ba kuma ya ba shi garɗi da ƙosarwa. Shi ya sa manomin kan dutse ke lissafa shi cikin abinci ranar gayya.

Bambancin tsamin nono da na khal shi ne ma'aunin gwaninta a wuraren biyu. Kaɗan daga na khal yana ƙara armashi a jar giyar Roeselare. In ya rinjayi na nono, a Beljiyam a ce ganga ta ɓaci, a Mubi a ce tukunya ta wuce. Babu na'urar da ke yanke wannan hukunci a gidan mai burkutu sai harshenta, kuma ko a kamfanin da ke da ɗakin gwaji, mai gauraya sai ya ɗanɗana ganga-ganga kafin ya haɗa.

Inda kunu ke tsayawa

Mai kunun zaƙi ma gauraya take yi. Takan raba ƙullu biyu, ta dama kaso mai yawa da tafasasshen ruwa, ta haɗa ragowar ɗanyen da niƙaƙƙen dankali ko tsiron hatsi, ta zuba a kan dafaffen bayan ya ɗan huce, ta rufe ya kwana. Da safe ya tsinke, ya yi zaƙi da ɗan tsami. Matakan farko na burkutu ke nan, ba ragi. Abin da ya raba su biyu ne: ba a zuba wa kunu tsohon yisti, kuma ba a ba shi lokaci. Amma yisti na nan a iska da jikin mazubi. Gorar kunun da ta wuni a rana ta kwana, murfinta ya kumbura, tana huci in an buɗe, alama ce ma'aikaci na biyu ya kama aiki.

Malaman fiƙihu sun daɗe da lura da wannan iyaka. Hadisai sun nuna halaccin jiƙon dabino ko zabibi muddin bai tsima ba, kuma ruwayar Ibn Abbas a Sahihu Muslim ta nuna ba a wuce kwana uku da shi. Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa da Adamawa, ta kawo hani a kan haɗa jiƙo iri biyu wuri guda, kuma masu sharhi sun bayyana dalilin da cewa haɗin yana gaggauta tsimuwa, mutum ya sha abin maye bai sani ba. Haka kuma giyar da ta rikiɗe da kanta ta zama khal, an yarda da halaccinta. In aka jera hukunce-hukuncen uku, za a ga sun yi daidai da ma'aikatan nan uku: aikin na farko halal, na biyu haram, na uku ya mayar da abin halal. Maye ne abin da shari'a ta bi, tsami bai taɓa zama laifi ba.

Kammalawa

Abin da ya bambanta Roeselare da Mubi bai wuce sanyi, ganga da kwalba ba. Sanyi ya ba ɗan Beljiyam shekaru ya yi ta jira, zafi ya ba 'yar Mandara sa'o'i. Ilimin da ke ƙarƙashin sana'ar kuwa guda ne, kuma amfaninsa ya zarce giya. Masu nazarin kimiyyar abinci a Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi suna da fili a nan: a ware bakteriyar nono mai kyau daga gasara da kindirmon yankin, a samar da irin da mai kunu za ta ɗiga ta sami tsami iri ɗaya kullum, a koya mata ɗumamar da ke kashe yisti kafin a rufe gora. Dabarar tafasa ta biyu, wadda ke tsayar da tsami a inda ake so, ita ce dai za ta tsayar da kunu kafin ya tsallaka iyaka.