Gwamnati

Kalmar Ingilishi ce da ta shigo bayan Turawa sun ci Kano a 1903. Harshen Bahaushe ya sassaƙe ta kamar yadda ya yi wa gwamna, ya ƙara mata wasali a ƙarshe, ya kuma mai da ita mace: gwamnati ta ce, gwamnati ta hana. Ta tarar da mulki da hukuma, duka biyu aro daga Larabci, sai suka raba aiki.

A Bompai ta Kano ana jin bambancin. Wanda aka kai hedikwatar 'yan sanda da ke can, hannun hukuma ya shiga. Mai masana'antar da ke ƙona dizal a janareta kuwa gwamnati yake kira, kuma da baki biyu. Kan haraji, so yake ta tsame hannunta, kamar yadda masu ra'ayin sakin kasuwa ke nema tun shirin SAP na 1986. Kan wuta da atamfar Sin da ta cika Kantin Kwari, sai ya tambaya ina take. An sayar da kamfanonin rarraba wutar a 2013, amma in ta ɗauke har yau gwamnati ake zagi.