Layi guda da ke zaɓa wa yaranmu harshe

Da aka kawo wa lakwal ɗinmu kwamfutoci masu Linux, na tarar layi guda ne ke yanke harshen na'urar gaba ɗaya: LANG=fr_FR.UTF-8. Sai na bi diddiginsa.

Linux ya gaji tsarin Unix, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1969 bisa ASCII mai alamomi 128 kacal. Ba ɓ, ba ɗ, ba ƙ, ba ƴ. Ko é ta Faransanci babu. A 1989 ƙa'idar C ta shigo da tsarin zaɓen harshe da ƙasa. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar da haruffanmu masu lanƙwasa ke bi yau.

Yanzu Hausa na cikin jerin, da sunan ha_NG. Na gwada: kuɗinta Naira ne, ba sefa ba, kuma yawancin saƙonni sun koma Ingilishi, don ba a fassara su ba. Dole na mayar da Faransanci.

Malamai da iyaye, tun 1973 ake koyarwa da Hausa a Damagaram. Ƙofar kwamfuta a buɗe take. Fassarar ce ke jiranmu. In ba mu ba, wa?