Tsoron da ake ji da kunne

Ƴan uwa ɗalibai, kafin talabijin ta mamaye gidajen Amurka, akwatin rediyo ne ke tara iyali da dare. Daga shekarun 1930 zuwa farkon 1960, wasannin kwaikwayo na kisan kai da binciken laifi sun hana mutane da yawa barci, alhali ba wanda ya ga ko ɗigon jini.

A 1937 Orson Welles, yana ɗan shekara 22, ya ɗauki muryar jarumin The Shadow, mutumin da ke rufe wa miyagu ido har su kasa ganinsa. Kun ga dabara? Jarumin da ba a gani, cikin akwatin da ba shi da hoto. Shi kuwa shirin Inner Sanctum, wanda Himan Brown ya soma a 1941, da ƙarar tsohuwar ƙofa yake buɗewa. Abin da ke bayan ƙofar, mai saurare ne ke ƙera kayansa.

Gidan rediyon CBS ya fito da Suspense a 1942, ya yi wasanni sama da 900. Wanda ya fi suna shi ne Sorry, Wrong Number na Lucille Fletcher, da aka watsa a watan Mayun 1943. Agnes Moorehead ta fito a matsayin mace marar lafiya, kwance ita kaɗai, ba ta da komi sai tarho. Layi ya haɗe, ta ji maza biyu na shirya kashe wata mata daidai lokacin da jirgin ƙasa zai wuce, don ƙararsa ta danne ihu. Ta kira ma'aikatan tarho, ta kira ƴan sanda, kowa ya yi biris da ita. Ashe ita ce za a kashe.

Ran 30 ga Satumban 1962 aka watsa Suspense na ƙarshe. Masu talla sun riga sun kwashe kuɗinsu sun koma talabijin.

To mu da muke cewa rashin kyamara da kuɗi ya hana mu aiki fa? Minti talatin, murya, tarho da jirgin ƙasa suka isa Lucille Fletcher. Kakanninmu ma ba su taɓa nuna muna Dodo ba, amma wa ke yarda ya fita fitsari bayan tatsuniya? Gidajen rediyo na nan a Maraɗi, Damagaram da Tawa. Mu rubuta, mu kai musu.