Daga Mazari Zuwa Allura: Ina Ɗinkin Gida Ya Dosa?

Ba yau aka fara yi wa ɗinkin gida ta'aziyya ba. Duk sa'ad da wani sabon inji ya shigo kasuwa, ko aka sauke dilolin tufafi masu araha, sai ka ji dattawa suna cewa ai shi ke nan, allura ta kwanta dama a gidajenmu, 'yan matan yanzu ko maɓalli ba su iya dasawa ba. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin wannan kuka. Sai dai kafin mu taya su, ya kamata mu tuntuɓi tarihi, domin kuwa ita wannan allura da ake fargabar za ta kuɓuce daga hannun mata, ba ta ma daɗe da shiga hannun nasu ba.

A farkon shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya sauka birnin Kano. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufafi. Ya tarar da kayan da aka saƙa, aka rina, aka ɗinka a Kano da ƙauyukanta suna tafiya har Tumbutu ta yamma, har Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, kuma ya ƙiyasta cewa abin da ake fitarwa a shekara bai gaza na wuri miliyan 300 ba. A cikin kayan da ya ga ana shigowa da su ta hamada kuwa har da allurai daga birnin Nuremberg na ƙasar Jamus. To, wa ke riƙe da waɗannan allurai?

Maza ne. A wancan zamani an raba aikin tufa tsakanin cikin gida da waje, kuma rabon bai yi kama da na yau ba. Aikin mace shi ne ta gurje auduga a kan magurji, ta shiɓe ta, sannan ta zauna da mazarinta tana kaɗi, tana dangwalar alli a yatsa, ta fitar da zare ko abawa. Wasu matan kuma suna da masaƙarsu mai faɗi a cikin gida, inda suke saƙa gwado da zane. Daga nan sai aiki ya koma hannun maza: masaƙi ya saƙa sawaye, marini ya tsoma a karofi, mabugi ya buga, maɗinki ya harhaɗa. Shi kuwa surfani, wato aikin da ake yi a gaban babbar riga irin su aska biyu da aska takwas, yawanci sana'ar malamai da almajirai ce, saboda aiki ne na zaune wanda ba ya hana mutum sauraren karatu a zaure. Gardi kan biya hadda da baki, hannunsa na kan riga. Kuma abin da zai ja hankalin marubuta a nan shi ne, mai zana fasalin aikin a kan riga da alƙalamin kara da tawada yake zanawa, irin dai waɗanda ake rubuta allo da su. Ashe alƙalami da allura tsofaffin maƙwabta ne a ƙasar Hausa.

A cikin wannan shekara ta 1851, can a Amurka, wani mutum mai suna Isaac Singer ya sami takardar mallakar fasahar keken ɗinkinsa. Ba shi ne ya fara ƙera keke ba, don Elias Howe ya riga shi samun tasa takardar tun 1846, amma kamfanin Singer ne ya gano yadda za a shigar da keke cikin gidaje. Daga 1856 suka fara sayar da shi bashi, a riƙa biya kaɗan-kaɗan, sai ga matar ma'aikaci ta iya mallakar abin da da sai masana'anta. A 1863 kuma Ebenezer Butterick ya fara sayar da samfurin yanka na takarda, girma-girma, ta yadda mace za ta shimfiɗa a kan yadi ta bi da almakashi ba tare da ta je wurin tela ba. Kusan shekara 100 matan Amurka da Ingila suka yi suna ɗinka wa iyalinsu sutura, ba don nishaɗi ba, sai don ya fi sauƙi a kan saye.

Abin da ya kawo ƙarshen wannan zamani a wurinsu shi ne araha. Da kayan kanti suka koma ana ɗinka su a ƙasashen Asiya, sai kuɗin riga ɗinkakkiya ya kasa na yadin da za a yanka ta. Babbar masana'antar Singer da ke Clydebank a Sikotilan, wadda ta taɓa ɗaukar dubban ma'aikata, an rufe ta a 1980. Amma ɗinki bai mutu ba. Da larura ta tafi, sai sha'awa ta gaje ta. Wadda ke ɗinki a can yanzu ta san za ta kashe fiye da abin da za ta biya a kanti, tana yi ne don jin daɗin aikin da kuma sa abin da babu mai irinsa. Har ta kai daga 2013 tashar talabijin ta BBC ta fara nuna gasar masu ɗinkin gida, mutane kuwa suka yi ta kallo.

Mu namu labarin wata hanya ya bi daban. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa suka cika da akoko da alawayyo da atamfa da zaren inji, keke ma ya biyo baya. Amma da ya zo bai shiga ɗaki ba, rumfar kasuwa ya nufa, tun da can masu ɗinki suke. Tela ya zama sabon mai sana'a, kuma namiji ne. Wadda abin ya fara shafa ita ce mai kaɗi. Zaren inji ya fi nata santsi da araha, ga shi an buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu kuma suka biyo baya a Kaduna da Kano. Sannu a hankali mazari ya koma ƙarƙashin gado. Duk wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, zai ga yadda kaɗi yake cikin rayuwar mace ta yau da kullum. Jikokin tsararta da yawa ba su taɓa murza mazari ba.

A nan ne abin sha'awa ya faru, kuma shi ne ginshiƙin maganarmu. Matar da ke cikin kulle ba ta zauna ta naɗe hannu don an ƙwace mata kaɗi ba. Biki na nan, adashi na nan, ga 'ya tana tasowa ana tara mata kwanoni. Sai ta ɗauki allurar da maza suka fara saki. A tsakiyar ƙarni na 20 ɗinkin hula ya shiga gidaje, ya zama aikin mata da 'yan mata: wani ya zana, a aiko yaro da ita cikin gida tare da zare, mace ta yi makonni tana cike zanen, huji bayan huji, sannan a mayar wa mai haɗawa da mai wanki ya ɗora a gungume. Irin hular nan da aka sa wa sunan Zanna Bukar Dipcharima, ministan Jamhuriya ta Farko daga Barno, ta sa kasuwar ta ƙara buɗewa. Bayan hula kuma ga matasan kai da zanen gado masu furanni da tsuntsaye, ga saƙar kwarashi ta hulunan jarirai da safa. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya bi diddigin wannan fasaha ta ɗinkin Hausawa, ya kuma shirya baje kolin ayyukan hannun Hausawa a Landan a 1976. A birnin Zazzau ma abin ya wuce hula. Da maza suka koma aikin inji, wasu kuma boko ya ɗauke su, mata suka karɓi surfanin babbar riga kanta, aikin da kakanninsu mata ba su taɓa yi ba. A 1994 aka kafa ƙungiyar mata masu ɗinkin hannu mai sunan Sarauniya Amina a can, tare da gudummawar Elisha Renne, wata manazarciya daga Amurka.

Shi ma keke daga baya ya sami ƙofa ya shiga ɗaki. Butterfly na ƙasar Sin, baƙi mai zanen ruwan zinariya, ya fi Singer sauƙin kuɗi, har ya zama abin da uba mai hali kan haɗa wa 'yarsa a kayan ɗaki, ko miji ya saya wa matarsa. Makarantun 'yan mata sun koyar da ɗinki, haka ma cibiyoyin mata, musamman bayan da Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirinta na kyautata rayuwar matan karkara a 1987. Lokacin ya dace da tsananin da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya jefa jama'a a ciki, albashi ya daina isa, ƙarar keke a tsakar gida ta zama alamar ana rufa wa juna asiri.

Saboda haka idan aka tambaye mu ko ɗinkin gida ya taɓa zama abin sha'awa zalla a wurinmu, irin na Turawa, amsar ita ce da wuya. Ko kalma guda ba mu da ita ta aikin da ake yi don jin daɗi kawai, sai dai mu ce ɗebe kewa ko rage zaman banza. Amma kuma kuskure ne a ce neman kuɗi ne kaɗai. Wanda ya taɓa ganin mata huɗu ko biyar a inuwar tsakar gida bayan la'asar, kowacce da hula a cinya, rediyo na magana, ana hira ana gwada wa juna sabon zane, ya san ladan da mai hula zai biya bai kai rabin abin da ya zaunar da su ba. Kuɗin ma sau da yawa bai taka kara ya karya ba idan aka auna shi da ciwon ido da na baya. Sana'a da nishaɗi a ƙwarya ɗaya suke ci a wurinmu, shi ya sa ba a taɓa jin buƙatar raba musu suna ba.

To, yanzu ƙwaryar ce ke neman tsagewa. Gwanjo ya kashe ɗinkin kayan yara, wanda da shi ne kowace mai keke ke fara koyo. Masaƙun da muke taƙama da su sun durƙushe, ta Kaduna ta farko ta tsaya a 2002, babbar cikinsu UNTL ta rufe a 2007, Kantin Kwari ya cika da kayan Sin. Injin aiki mai amfani da kwamfuta kan gama gaban riga cikin sa'o'i kaɗan, aikin da hannu zai kwashe watanni a kai, har hula ma yanzu akwai ta inji. Faci kuwa, wanda da kowace uwa ta iya, ya koma hannun mai yawo da keke a kafaɗa yana kaɗa almakashi. Amma a ganinmu duk waɗannan ba su kai abu ɗaya tsanani ba, wato yankewar koyo. Ba a makaranta ake koyon hula ba, a gefen uwa ko goggo ake koyonta, yarinya ta fara da zura zare a allura. Yau yarinyar tana boko da safe, tana Islamiyya da yamma, wanda kuwa alheri ne babba, ɗan lokacin da ya rage kuma waya ta cinye. Hannun da ba ya komai ne allura ke nema, ita ma waya shi take nema.

Duk da haka ba mu ga alamar jana'iza ba. Bayan da 'yan Boko Haram suka mamaye Bama a 2014, mutanenta da suka gudo Maiduguri ba su taho da gona ko shago ba, amma sun taho da iya ɗinkin hula, kuma da shi da yawansu suka ci abinci a sansanonin gudun hijira. A 2020, lokacin kullen korona, kekunan da suka yi ƙura a lungun ɗaki aka jawo aka ɗinka takunkumin fuska. Ita kanta wayar da muke zargi ta zama malama, don akwai matan da suka koyi yanka da ɗinki a YouTube da azuzuwan WhatsApp, suna tallar abin da suka ɗinka a Instagram ba tare da sun taka ƙofar gida ba. Dillaliya ce kawai ta sake kama.

Abin da muke hange shi ne hanyar za ta rabu biyu, abin da ba ta taɓa yi ba a baya. Ɗinkin keke zai ƙara zama sana'a tsantsa, mai shago da ɗalibai da takardar shaida, ko da a cikin gida ake yinsa. A ɗaya ɓangaren kuma, a karon farko za mu sami masu ɗinki don sha'awa kawai, ma'aikaciyar asibiti ko malamar makaranta mai albashinta, wadda za ta ɗinka wa jaririnta riga ba don ta kasa saye ba. Irinsu sun fara bayyana a birane, ko da yake ba su da yawa, kuma yawaitarsu ta dogara ga samun sukuni da wutar lantarki da farashin yadi. Ɗinkin hannu kuwa zai rayu muddin mai saye ya ci gaba da juya cikin hula a kasuwa yana duba sawun allura, yana kuma yarda ya biya bambancin.

Inda muke jin tsoro shi ne sunaye. Kowane zane na riga da hula yana da sunansa, kowane irin soki na allura yana da nasa, kuma galibinsu a bakin tsofaffi suke, ba a takarda ba. A cikin littattafanmu na hikaya mukan ɓata shafi guda muna lissafa leshi da shaddar da ke cikin lefen amarya, amma da wuya ka ga an nuna jaruma da allura a hannu, balle a faɗi sunan abin da take ɗinkawa. Kalmomin kaɗi sun riga sun yi nisa. A gwada tambayar ɗan sakandare mene ne abawa, ko me ake yi da magurji, a ji amsar da zai bayar.